Kiwon tsutsar siliki da faɗa-wuta: Wasa ne, sana'a ce, ko jawo wa gonaki fitina?

Duk mai yawo a TikTok ko Facebook da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: mutum ya shimfiɗa tafin hannunsa, wani ƙwaro mai fukafukai ya rufe shi ruf, har fiffiken ya zarce yatsu. Wani kuma ya buɗe roba cike da korayen tsutsotsi, kowace kaurin babban yatsa, yana zuba musu ganye kamar mai ba awaki harawa. In mutanenmu suka gani sai bakinsu ya rabu. Wasu su ce ƙoshi ne ya yi wa Turawa yawa. Wasu su tambayi nawa ake samu, tunda sun ji an ambaci siliki. Manomi kuwa tambayarsa ta fi nauyi: mu da tsutsa ta cinye mana masara da tumatir, wani ne zai zauna yana kiwonta?

Manomin ya fi kowa kusa da gaskiya, sai dai hatsarin da ke cikin wannan kiwo ba a inda yake zato yake ba. Mai lissafin kuɗi kuma ya haɗa abubuwa biyu da ba sa zama inuwa ɗaya. Kafin a kai can, sai an fara sanin halittar da ake magana a kanta.

Wace halitta ce ake kiwon?

Hausa tana da sunayen, a warwatse ne kawai suke. Mai yawo da rana a kan furanni shi ne malam-buɗe-littafi. Ɗan uwansa na dare, mai zagaya fitila har ya ƙone, shi ne faɗa-wuta. Ƙaramin nan da tsutsarsa ke huda kayan ulu da darduma a cikin adaka shi ne asu. Tsutsa mai gashi da ke sa ƙaiƙayi kuwa gizaka ce. Abin da mutane da yawa ba su taɓa haɗawa ba shi ne, gizakar da yaro ya take yau, da an bar ta, ita ce faɗa-wutan da zai zo fitila nan da 'yan makonni. Halitta ɗaya ce mai rayuwa hawa huɗu: ƙwai, tsutsa, kwanciya a cikin kwanso, sannan mai fiffike.

Masana sun zuba su duka a dangi guda mai suna Lepidoptera, kuma na dare su ne da rinjaye nesa ba kusa ba. An rubuta kusan nau'i 160,000 na faɗa-wuta, alhali malam-buɗe-littafi bai kai nau'i 20,000 ba. In kana son bambanta su, duba 'yan ƙahonnin nan biyu da ke kai. Na malam-buɗe-littafi sirara ne masu ɗan ƙullutu a ƙarshe. Na faɗa-wuta ko dai su zama kamar zare, ko kamar gashin tsuntsu, musamman a jikin namiji.

Shi kansa sunan faɗa-wuta akwai ɗan ƙazafi a ciki. A 2024 wasu masu bincike, har da na Imperial College ta Landan, suka ɗauki hoton ƙwari da kyamara mai saurin gaske, suka nuna ba son wuta ke kai su ba. Ɗabi'ar ƙwaro ce ya ba wa inda ya fi haske baya, domin tun fil'azal sama ta fi ƙasa haske ko da dare ne, da haka yake gane ina ne sama. Fitila sai ta dagula masa lissafi, ya yi ta kewaya ta yana ba ta baya har ya galabaita.

Ta gida daban, ta daji daban

In aka ce tsutsar siliki, yawanci ana nufin Bombyx mori, wadda Sinawa suka mayar dabbar gida kusan shekara 5,000 da suka wuce. Ta daɗe a hannun ɗan Adam har ta koma kamar kazar gidan gona: babbarta tana da fiffike amma ba ta tashi, tsutsar ba ta gudu, ba ta ɓuya, kuma in aka sake ta a daji ba za ta kai labari ba. Abincinta ganyen bishiyar mulberi. Daga ƙwan da bai kai ƙwayar gero ba take ƙyanƙyashewa, ta yi kusan mako huɗu tana ci ba dare ba rana, ta yi saɓa sau huɗu, nauyinta ya ninka kusan sau 10,000. Daga nan sai ta daina ci, ta yi kwana biyu zuwa uku tana naɗe kanta da zare guda ɗaya tal, mai tsawon ɗaruruwan mitoci, wani har ya haura kilomita. Bayan kamar mako biyu ta fito da fiffike, ta yi barbara, ta saka ƙwai 300 zuwa 500, ta mutu.

Sauƙin kanta ne ya sa ta zama dabbar yara. A Sin yaran makaranta kan yi kiwonta a 'yan kwalaye idan sanyi ya wuce. A Afirka ta Kudu ma al'ada ce sananniya, yaro da kwalin takalmi cike da tsutsa, yana bin gidajen maƙwabta neman ganyen mulberi. A Japan kuwa har fada abin ya kai, domin tun 1871 matan sarakunan ƙasar ke kiwon tsutsar siliki, kuma ana yi har yau a harabar fadar Tokyo.

Manyan nan da ake gani a bidiyo ba su ba ne. Su 'yan wani gida ne da ake kira Saturniidae, mai nau'i kusan 2,300, kuma na daji ne. A cikinsu akwai Atlas na kudu maso gabashin Asiya, wanda faɗin fukafukansa kan kai santimita 24, da luna kore mai dogon bindi na Amurka ta Arewa, da cecropia, da wani kore mai jela na gabashi da kudancin Afirka wanda tsutsarsa ke cin ganyen danya. Abin da ya fi ɗaure kai game da su shi ne, babbansu ba shi da bakin ci. Da kitsen da ya tara yana tsutsa yake rayuwa, kwana bakwai ko ɗan fiye, ya nemi mace, shi ke nan. Wato mai kiwo zai yi wata ɗaya zuwa biyu yana ɗawainiyar ganye, wani lokaci ya ƙara watanni yana jiran kwanso, duk don baƙon mako guda.

A bakin kwanso ake raba hanya

Nan ne masu tambayar kuɗi suke ɓata lissafi. Mai sana'ar siliki da mai kiwon sha'awa tafiyarsu ɗaya tun daga ƙwai har ranar da tsutsa ta gama saƙa. Daga nan kowa ya kama gabansa.

Mai sana'a zaren yake so, kuma yana son sa ɗungurungum ba tsinkewa. Saboda haka ba ya bari ƙwaron ya fito. Da zafi ko tururi ake kashe shi a ciki, a jefa kwanson a ruwan zafi don danƙon da ya riƙe zaren ya saki, a lalubo bakin zaren a warware. Mai sha'awa kuwa ƙwaron yake jira. Shi kuma ƙwaron, in zai fito, wani ruwa yake tofawa ya tausasa bakin kwanson, ya kutsa ya fice, ya bar zaren a hargitse, ba ya warwaruwa kuma sai dai a tsefe shi a kaɗa kamar auduga. Ba a samun zaren da ƙwaron a lokaci guda. Dole a zaɓi ɗaya.

Sannan ga yawa. Sai an tara kwanso 2,000 zuwa 3,000 kafin a samu silikin da bai cika rabin kilo ba. Mai tsutsa hamsin a roba, ko ya dafa su duka, abin da zai samu ba zai ɗinka bakin hula ba. Sana'ar tana bukatar gonar mulberi, da ɗaki mai daidaitaccen zafi, da injin warwara, da kasuwar da Sin da Indiya suka riƙe fiye da kashi 90 cikin 100 nata. Duk wanda ya zo maka da zancen sayi ƙwai yau ka zama attajirin siliki nan da wata uku, tambaye shi ina gonar ganyen take, kuma wa zai sayi kwanson.

Akwai dai iri guda da ya ɗan haɗa hanyoyin biyu, wato eri, wanda ake kiwo a Assam da ke arewa maso gabashin Indiya. Kwansonsa a buɗe yake ta gefe ɗaya, don haka dama kaɗa shi ake yi, ana iya barin ƙwaron ya fita. Abincinsa ganyen zurma, yana kuma cin na rogo. Wannan ya sa ake yawan ambatonsa in ana zancen ƙasashe masu zafi.

Ga masu tuna haramcin siliki ga maza, wannan hukunci ne na sutura, mai kiwon kallo kuwa ba abin da yake sawa.

Yadda kiwon yake a aikace

Kayan aikin ba su da tsada: roba ko kwali mai shan iska, yadin gidan sauro, da 'yan itatuwan da tsutsa za ta hau. Wahalar a ganye take. Yawancin tsutsotsi ba sa cin kowane ganye. Kowace da bishiyarta, kuma gara ta mutu da yunwa da ta ci wanda ba nata ba. Shi ya sa ƙa'idar farko ita ce, in ka tsinci tsutsa, ka lura da itacen da ka same ta a kai. Kullum sai an kawo sabon ganye, a kwashe kashin, a rage cunkoso, domin cutar tsutsa in ta shiga roba kan share ta cikin kwanaki.

A ƙasa irin tamu makasan sun fi yawa. Kiyashi da tururuwa kan kwashe ƙananan tsutsotsi a dare ɗaya, shi ya sa masu kiwo ke tsoma ƙafafun tebur a gwangwanayen ruwa. Ga tsaka da ƙadangare. Ga maganin sauro, na feshi da na hayaƙi, wanda ba ya tambayar wane ƙwaro ne naka. Ganyen da aka tsinko kusa da gonar da aka yi wa feshi ma guba ne. Ita Bombyx ta fi jin daɗi tsakanin digiri 24 zuwa 28. Zafin Kano ko Damagaram na watan Afrilu, da kan haura 40, ba nata ba ne. Faɗa-wutan ƙasashen sanyi kuma da yawansu ba sa fitowa daga kwanso sai sun sha sanyin hunturunsu, don haka masu kiwonsu a firji suke ajiye su na watanni. Mai karatu ya san halin wutar unguwarsu.

Wani abin takaici da duk mai kiwon tsutsar daji zai gamu da shi: ya yi ta jira, ranar da kwanso ya buɗe sai ƙuda ko ɗan zanzaro ya fito. Tun a daji aka saka wa tsutsar ƙwai a jiki, baƙon ya cinye ta daga ciki. Masu nazari ba sa ɗaukar wannan asara, rubutawa suke yi, domin ta haka ake gane wane ƙwaro ne ke kashe wace tsutsa.

Batun taɓawa kuma, tsoron da iyayenmu ke sa wa yara game da gizaka ba camfi ba ne. A kudancin Brazil akwai wata tsutsa mai suna Lonomia, 'yar gidan manyan nan ce, wadda ƙayarta ke hana jini daskarewa har ta kashe mutum. Sai da cibiyar Butantan ta haɗa mata magani kamar na sarar maciji. Mai gashi ko mai ƙaya, da ganyen da take kai ake ɗaga ta.

Me wannan "wasa" ya taɓa haifarwa?

A ƙarni na 17 mutane da dama a Turai sun yi imani ƙwari daga taɓo da ruɓa suke fitowa. Wata yarinya 'yar Frankfurt, Maria Sibylla Merian, wadda aka haifa a 1647, ta fara kiwon tsutsar siliki tana da shekara 13. Daga nan ta koma tara kowace tsutsa ta gani, tana ciyar da ita, tana zana ta tare da ganyen da take ci da ƙwaron da ta zama. A 1699, tana da shekara 52, ta shiga jirgin ruwa zuwa Suriname da ke Kudancin Amurka don ta ga na can. Aikinta na cikin abin da ya kafa fahimtar rayuwa mai hawa huɗu da yaran firamare ke haddacewa yau, kuma Jamus ta taɓa sa hotonta a takardar mak 500, tsohon kuɗin ƙasar.

Sai labarin da ya fi shafar manomi. Wani malamin makaranta Bafaranshe, Jean-Henri Fabre, wanda ya rasu a 1915, ya ajiye wata macen faɗa-wuta da ta fito daga kwanso a ƙarƙashin murfin raga a ɗakin karatunsa. Da dare ya yi sai ga maza kusan 40 sun cika gidan. Ya yi ta gwaje-gwaje, yana ɓoye ta, yana sauya mata wuri, har ya karkata ga cewa wani ƙanshi ne da hancin mutum ba ya ji. Ba a kama wannan ƙanshi ba sai a 1959, lokacin da Bajamushe Adolf Butenandt ya tace shi daga jikin matan Bombyx kusan rabin miliyan. Tarkon nan da jami'an gona ke ratayewa a gonar tumatir ko masara, mai ɗan roba a ciki da ke kiran mazan ƙwaro su faɗa, jikan wannan bincike ne.

Hatta ilimin ƙwayoyin cuta yana da bashin tsutsar siliki a kansa. A 1835 Agostino Bassi na Italiya ya nuna wata ƙaramar halitta mai rai ce ke kashe tsutsotsin, ba iska ko mugun yanayi ba. Shekara 30 bayan haka aka tura Louis Pasteur garin Alès a kudancin Faransa don wata annobar da ta durƙusar da masu siliki, ya fito da dabarar duba uwar a madubin likita, a zubar da ƙwanta in tana ɗauke da cuta. Har yanzu da ita ake aiki.

A yau aikin masu sha'awa ya fi karkata ga ƙirga. A Birtaniya akwai dubban mutane da ke kunna fitilar tarko a bayan gida, da safe su duba abin da ya shiga, su rubuta, su saki. Da irin wannan bayani da na tarkunan cibiyar binciken noma ta Rothamsted aka gano yawan manyan faɗa-wuta a ƙasar ya ragu da kashi 33 cikin 100 tsakanin 1968 da 2017. Babu gwamnatin da za ta iya biyan ma'aikatan da za su yi wannan tsaron dare na shekara hamsin.

Inda manomi yake da gaskiya

Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Tarihin wannan sha'awa yana da kurarsa, kuma sunan mai ita Étienne Léopold Trouvelot.

Mai zane ne Bafaranshe da ya yi hijira zuwa garin Medford a jihar Massachusetts ta Amurka. A bayan gidansa ya yi ta kiwon faɗa-wutan siliki na ƙasar a ƙarƙashin raga, yana mafarkin kafa sana'a. A ƙarshen shekarun 1860 ya kawo ƙwan wani iri daga Turai, Lymantria dispar, kuma wajen 1869 wasu suka kuɓuce. Shi dai ya watsar da ƙwari ya koma zanen taurari, ya yi suna a can har aka sa wa wani rami a duniyar wata sunansa, ya koma Faransa a 1882. A 1889 tsutsotsin suka mamaye Medford, suka tsige bishiyoyi tas, suka rufe bangaye da hanyoyi. Daga nan suka bazu. A 1981 kaɗai sun cinye ganyen dajin da ya haura hekta miliyan 5.

Bai tsaya nan ba. A 1906 hukumomi suka shigo da wani ƙuda daga Turai, Compsilura concinnata, don ya kashe baƙuwar tsutsar. Ashe ƙudan ba ya zaɓe. Wani bincike na Jami'ar Massachusetts da aka buga a 2000 ya samu yana kashe kusan kashi 80 cikin 100 na tsutsotsin cecropia da aka ajiye a daji don gwaji. Garin neman ƙiba an samo rama: manyan faɗa-wutan da Trouvelot ya fara ƙauna su ne suka biya kuɗin kuskurensa.

To, a nan hatsarin yake, a ɗauko iri daga wata ƙasa a kai wata. Ba a kiwon kansa ba. Wanda ya tsinci tsutsa a bishiyar ƙofar gidansu, ya raine ta, ya sake ta a inda ya ɗauko, bai ƙara wa garin komai ba, kuma tsutsar da abincinta ganyen danya ne ba za ta waiwayi masara ba. Wanda ya yi odar ƙwai ta intanet daga Asiya ko Amurka, ya saki ragowar don tausayi, shi ne mai kura. Mu ma mun ɗanɗana abin da baƙon faɗa-wuta ke yi. Tsutsar masarar nan 'yar nahiyar Amurka ce, a farkon 2016 masanan cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan suka tabbatar da ita a Najeriya, kafin ta game Afirka. Sharon, tsutsar tumatir, wato Tuta absoluta, daga Kudancin Amurka ta fito, ta shiga Sifaniya a 2006, a 2016 kuma ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Da safarar kayan gona masana suka fi danganta zuwansu, ba da masu kiwon sha'awa ba, amma darasin ɗaya ne, kuma shi ya sa shigo da ƙwari masu rai ke bukatar izinin hukumar killace kayan gona, a Najeriya NAQS.

Akwai kuma ɓangaren fita da su. A Afrilun 2025 aka kama wasu matasa biyu 'yan Beljiyam a Kenya da sarauniyoyin tururuwa kusan 5,000 a cikin 'yan kwalabe, kotu ta ci kowannensu tarar shilin miliyan ɗaya. Kasuwar masu kiwon ƙwari a Turai da Asiya ta yi girman da har ta fara kwasar na Afirka.

Tsamiya: silikin da muke da shi tun da

Mai cewa wannan harka ta Turawa ce ya tambayi tsofaffin maɗinka abin da ake nufi da rigar tsamiya. Ba 'ya'yan tsamiya na kunu ba. Tsamiya a nan siliki ne na daji, wanda tsutsotsin Anaphe da danginsu ke saƙawa, Yarbawa kuma suna ce masa sanyan. Su waɗannan tsutsotsi a ƙungiya suke rayuwa. In lokacin kwanciya ya yi sai ɗaruruwansu su taru su saƙa babbar jaka ɗaya, kowace kuma ta yi nata ɗan kwanson a ciki. Ana tsinko jakar, a dafa ta da ruwan toka don danƙon ya fita, a wanke, a busar, mata su kaɗa da mazari. Zaren kan fito ruwan ƙasa-ƙasa ko fari-fari, mai ƙarfi, ba ya ƙyalli irin na kanti. Da shi ake saƙa, da shi kuma ake aikin aska a ƙirjin babbar riga. 'Yan kasuwa har bambanta shi suke yi da sunan bishiyar da aka samo shi, a ce tsamiyar tsamiya, a ce tsamiyar doka. Shi daban yake da alharini, jan silikin nan da fatake ke kawowa ta hamada. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ba da labarin ɗaruruwan kayan raƙuma nasa da ke shigowa daga Tarabulus duk shekara.

Abin lura a nan shi ne, mun san zaren, mun san bishiyar, mun san farashinsa, amma mutum nawa ne a cikin masu sa rigar za su gane uwar tsutsar in ta sauka a kan fitilarsu? Tsinta muka yi ta yi, ba kiwo ba. Kuma abin da ake tsinta, in aka sare dajin doka aka yi gawayi, tare da shi yake tafiya ba tare da kowa ya yi masa lissafi ba.

Wasu maƙwabtanmu ta ciki suka san waɗannan halittu. Tsutsar kaɗanya, wadda Nufawa ke kira manimani, ana busar da ita a kai kasuwa, a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso ma abinci ce mai daraja. 'Yar gidan manyan masu siliki ce, amma ba ta saƙa komai, ƙasa take shiga ta kwanta. Tsutsar Anaphe kuwa cin ta ya zo da matsala: a yankin Ijesha na ƙasar Yarbawa an daɗe ana fama da wata makyarkyata da tangaɗi da ke kama mutane da damina, sai daga baya aka gano tsutsar na ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1 a jiki.

Ina ruwan talaka?

Kuɗi dai akwai, amma ba ta hanyar da ake zato ba. A gefen dajin Arabuko-Sokoke na Kenya, tun 1993 wani shiri mai suna Kipepeo ke sayen kwanson malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta daga hannun ƙauyawa, yana aikawa gidajen kallon ƙwari na Turai da Amurka, da izinin hukuma. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ma ta yi shekaru tana koya wa manoma kiwon silikin daji. Ƙarin kuɗin shiga ne, ba arzikin dare ɗaya ba, kuma ya tsaya ne a kan mutanen da suka san wace tsutsa ke cin wane ganye a wane wata.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Maraɗi. Murzuna, tsutsar da ke bin zangarniyar gero tana sassaƙe ta, 'yar faɗa-wuta ce. Masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, da jami'ar Maraɗi suna yaƙarta da wani ɗan mitsitsin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor. Shi kuma ba ya yaɗuwa sai da tsutsar da zai saka wa ƙwai, don haka sai an yi kiwon wani faɗa-wutan, mai cin hatsin ajiya. A ɗan buhun algarara ake zuba gero da gari, da tsutsotsin, da matan zanzaron guda biyu, a rataye a bishiya ko rumbu a gefen gari lokacin da gero ya fara fitar da kai. Cikin kwanaki 'ya'yan zanzaron su fita ta ƙofofin saƙar buhun su bazu gonaki. Aikin hannun da ake bukata a nan, tsabtar roba da lura da zafi da sanin ranar da tsutsa ta isa, shi ne dai wanda yaron nan mai kwalin takalmi ke koya.

Wanda abin ya ba sha'awa ba ya bukatar odar komai daga waje. Da damina, in ya duba magarya da kurna da kyau, yana iya dacewa da tsutsar Epiphora bauhiniae, babban faɗa-wutan Sahel mai tabo kamar tagar gilashi a kowane fiffike. Ya ɗauki uku ko huɗu, ba duka ba, ya rubuta ranar da sunan bishiyar, ya ɗauki hoto a kowace saɓa. In ƙwaron ya fito, a bar shi ya rataya wasu sa'o'i fukafukansa su miƙe su bushe, kada a taɓa. Bayan magariba, lokacin da tsuntsaye suka kwanta, a mayar da shi gindin magaryar da aka ɗauko shi, nesa da fitila.